Sanyin da Na Binne a Bayan Gida

Ko na tsufa na fara mance sunayen mutane, ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da mutanen layinmu kaf suka taru a bayan gidanmu suna jiran in buɗe baki in yi magana, ni kuwa harshena ya manne a dasashi kamar an shafa masa ƙaro. 

Lokacin ina aji biyar a lakwal, wato makarantar boko, a Zangon Kwatano. Zamanin juyin juya hali ne, kowa kamarad ne, malamarmu ma ba a ce mata Madam, sai Kamarad Metires. Da safe mu yi layi cikin kakinmu, a ɗaga tuta, a dunƙule hannu sama, a yi kirari da ƙarfi. (Ni dai baki nake motsawa. Na gano cewa in mutum ya tsaya bayan yarinya mai murya, ba wanda zai san bai faɗi komai ba.) Kunyata irin mai ban haushin nan ce, in aka tambaye ni sunana sai na kalli yatsun ƙafata tukuna. Amma ina da ido. Ni kaɗai a ajin na lura cewa duk ranar da Metires ta shigo da baƙin takalminta mai tsini, to ranta a ɓace yake, a yi hattara.

Babanmu yadi yake sayarwa a kasuwar Misebo. Mutumin ƙasar Zazzau ne, ya daɗe a Kwatano, amma bai taɓa daina jin kansa baƙo ba. Tun wata safiyar Lahadi da muka tashi da ƙarar bindigogi daga wajen filin jirgi, gari ya sauya. Shinge a kan titi, 'yan milisi, wato dakarun sa-kai na gwamnati, suna kwance ƙullin kayan mutane, rediyo kullum tana cewa a sa ido a kan baƙi da abin da suke ɓoyewa. A layin bayanmu an ɗauke wani mai sayar da shanu saboda wani akwati da aka gani a ƙarƙashin gadonsa. Da ya dawo, bayan an daɗe, ya rame, kuma bai sake zama a majalisar ƙofar masallaci ba.

Baba da ma ba don ransa ya so ya sa ni lakwal ba, Umma ce ta yi ta roƙo. Bayan wannan hargitsin sai ya kira ni ya ce, "Uwata," (sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa ba ya kama sunana) "ki yi karatunki. Amma duk ranar da makarantar nan ta sa na tsaya gaban hukuma ina rantse-rantse, to ranar kin gama. Kin ji ni?"

Na ce na ji. Baba ba ya maimaita magana. Ni kuwa ina son lakwal fiye da yadda zan iya faɗa. A can ne kawai mutum zai yi shiru a ce masa natsattse.

A shekarun nan kowace makaranta sai ta yi noma. Filin tamu ɗan yashi ne wanda ko mu bai isa ba lokacin tara, don haka aka ce kowane ɗan babban aji ya yi fangali guda a gidansu. Metires ta raba mana iri a ƙunshin takarda, alayyafo da gboma, wani ganye ɗan uwan gauta da mutanen nan suke miya da shi. Ta ce kafin hutun ƙarshen shekara za ta zagaya gida gida tare da Delege, wakilin gwamnati a unguwa. Wanda aka tarar bai shuka komai ba, za a aika wa ubansa sammaci ya je gaban kwamiti ya faɗi dalilin da ya sa gidansa ke yi wa juyin juya hali zagon ƙasa. Da ta ce sammaci, sai na ji kamar da ni kaɗai take.

Na kawo irina gida na nuna wa Iya. Iya kakata ce, uwar Baba. A wannan shekarar ta zo daga ƙauye don a duba mata ido, kuma duk rayuwarta a lambun bakin fadama ta yi ta. Ta zazzage ƙunshin a tafinta, ta murza da yatsa, ta shinshina.

"Alayyafo?" ta ce. "Takwara, gwamnati guda ta zauna ta rasa abin rabawa sai alayyafo? Wannan ai ko a juji fitowa yake ba wanda ya gayyace shi."

Kafin in haɗa kalmar da zan ce, ta watsa wa kaji. Ina tsaye ina kallo suka tsince juyin juya halin tas.

Sai ta jawo adudunta ta fiddo wasu ƙananan ƙulle-ƙulle na tsumma. Irin albasa, baƙi mai kusurwa kamar dakakken gawayi. Irin karas mai gashi-gashi. Irin salati, siriri, wanda in ka yi numfashi da ƙarfi sai ya tashi. Ta ce, "In kika shuka waɗannan, malamar taku sai ta cire takalmi kafin ta shiga lambunki."

Gaskiya na ji daɗi. Na hango kaina ana yabona a gaban aji ba tare da na furta ko kalma ɗaya ba, wanda shi ne babban burina a duniya.

"Amma fa 'ya'yan sanyi ne," in ji Iya. "Ba a zuba su sai ɗari ya sauka. In kika yi gaggawa, zafi ya dafa su a cikin ƙasa."

Na ce, "Iya, yaya zan gane ya sauka?"

Ta nuna mini kwalbar man shanun da ta zo da ita tsaraba. "Ranar da kika tashi da asuba kika kifa kwalbar can, kika ga mai ya yi barci bai motsa ba, to ranar ce." Daga nan ta shiga ba ni labarin ɗarin garinsu: ruwan randa yana cizon haƙori, yara suna gudun wanka, ana kwana da garwashi a ɗaki, lambu kuwa kore shar har inda ido ya tsaya.

Ni a Kwatano aka haife ni, ban taɓa wuce unguwar Begame da nisa ba. Na ɗauka ɗari kamar azumi yake, duk inda Bahaushe yake zai je ya same shi, kawai dai ni ce ban lura da shi ba a shekarun baya. Iya kuma ba ta taɓa shekara a bakin teku ba. Haka muka haɗu mu biyu, kowa ya dogara da ɗan uwansa.

Na gyara fangalina a bayan gida, tsakanin bangon makewayi da dangar kwano. Na zuba toka da kashin awaki, na daidaita gefe da tafin hannu kamar yadda Iya ta koya mini. Sai na zauna jiran sanyi.

Kullum da asuba, kafin in yi alwala, sai in lallaɓa madafa in kifa kwalba. Kullum man sai ya gangaro a hankali, rawaya, ba ruwansa. Na san kwalbar nan fiye da fuskata. Akwai wata 'yar tururuwa da ta mutu a wuyanta, na yi ta kallonta tana sauka tana hawa. Man kuma raguwa yake yi, don Umma tana ɗiba tana sa wa Baba a miya, har na fara tsoron kada ya ƙare kafin ya yi barcin.

A aji kuwa yara sun fara kawo ɗaurin alayyafo suna ajiyewa a teburin Metires. In ta bi layi tana tambaya ta zo kaina ta ce, "Lambunki fa?" sai in ce da 'yar Faransancina, can ƙasan maƙogwaro, "Yana zuwa." (Na gaya wa kaina ba ƙarya na yi ba, tunda ban faɗi wanda ke zuwan ba.)

Babbar Salla ta zo ta wuce. Zafi sai ƙaruwa yake, irin mai manne wa mutum riga a baya. Iya tana zaune a inuwa da mafici tana cewa, "Ya makara bana. Amma yana hanya."

Baba, wanda bai san abin da ke rataye a wuyan maganar ba, ya yi dariya ya ce, "Iya, sai dai in ba shi da takarda, sun tsare shi a kan iyaka."

Kowa ya yi dariya ban da ni.

Da Metires ta faɗi makon da za a fara zagaye, na fara ƙirga kwanaki. In na ga mai kaki ya shigo layinmu sai in ji ƙafafuna sun yi sanyi, (su kaɗai ne abin da ya yi sanyi a garin) in ɗauka sammacin ne ya zo da wuri. Na yi niyyar gaya wa Metires gaskiya. Na tashi na je har gaban teburinta, ta ɗago kai ta ce, "Mene ne, kamarad?" sai na ji bakina ya nemi izinin zuwa bayan gida. Na je na tsaya a can ina kallon bango, na dawo.

Dabarar da ta kashe ni daga maƙwabciyarmu ta zo. Maman Kosi, wadda gidanta ke bayan dangarmu, kifi take sarowa a bakin tashar jirgin ruwa. Da yamma in ta dawo, sai ta juye ragowar ƙanƙarar da ke cikin bahonta a bakin kwata. Wata rana na taka wurin ba takalmi, na ji yashin ya ɗauki sanyi har cikin ƙashina. Na tsaya cak. Na ce a raina, to in sanyi ya ƙi zuwa da ƙafarsa, me zai hana a ɗauko shi a kwano?

Na fara zuwa ina taya ta wanke bahuna, ba tare da na ce komai ba, in an gama in nuna ƙanƙarar da yatsa. Ta dube ni da tausayi ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Yarinya, wannan ba na sha ba. Kifi ya kwana ciki." Na gyaɗa kai. Har yau na tabbata ta ɗauka tsotsewa nake yi a ɓoye.

Don kada a ce na yi abu da ka, sai da na gwada. Na ɗauko kwalbar Iya na tsoma ta cikin kwanon ƙanƙara, na jira. Da na ciro ta na kifa, wallahi man bai motsa ba. Ya yi barci, ya yi fari, tururuwar ta tsaya wuri guda. Na kusa yin guɗa. Bisa dokar Iya da bakinta, ɗari ya sauka a Zango. A yammacin nan na zuba irina, na barbaza ƙanƙara a kai. Ban gaya wa Iya ba. Wani ɓangare na zuciyata ya san za ta ce wani abu, ni kuma ba na son in ji shi.

Haka na riƙa yi kullum, daidai lokacin da maza suka tafi sallar magariba. Ƙanƙarar ba ta jimawa take narkewa. Bayan wasu kwanaki 'yan tsirrai suka leƙo, sirara kamar gashin jariri, kowane da ganye biyu. Ban gama murna ba suka fara kwanciya, wuyansu ya tsuke. Wani farin abu ya fito a kan yashin, na ɗanɗana na ji gishiri. Mai hankali da nan zai tsaya. Ni sai na yanke cewa sanyin ne ba ya daɗewa.

Kyanwowin Zango kuwa sun ji labari. Da yamma sai su jeru a kan danga suna kallona kamar masu jiran a buɗe ofis a unguwar Ganhi. Umma ta yi ta cewa, "Wai me ya mutu a bayan gidan nan?" ta ɗora laifin a kan Maman Kosi, baiwar Allah.

Na lura cewa in Maman Kosi tana son ƙanƙararta ta kwana, sai ta naɗe ta a buhun algarara da garin katako. Sai na koma haka, in naɗe, in tona rami a tsakiyar fangali, in binne, don sanyin ya riƙa ratsa ƙasa a hankali. Jajiberin ranar zagaye, masunta ba su kamo abin kirki ba, Maman Kosi ta dawo da sandar ƙanƙara kusan guda, doguwa mai kusurwa huɗu, ta fi hannuna tsawo. Ta ce, "Ɗauka, gobe ruwa ne." Na ga kamar Allah ne Ya dube ni. Akwai 'yan tsirrai da suka rage a gefe ɗaya, a kwance amma ba su bushe ba. Na ce in suka samu sanyi mai yawa haka, wataƙila su miƙe kafin baƙi su iso. Na naɗe ta da kyau ta kwana, da sassafe na ja ta da kyar na tona dogon rami na binne, na lallaɓe ƙasa a kai, na wanke hannu na tafi lakwal.

Da hantsi muka fito zagaye. Metires tana gaba, kuma baƙin takalmi mai tsini ne a ƙafarta. Sai Delege, wani mutumin Zugu ta can arewa, mai jin Hausa, da sandarsa. Sai 'yan milisi biyu, ɗaya da bindiga a kafaɗa. Mu 'yan ajin da ke layin muna biye. A gidajen farko alayyafo ya kai gwiwa, ana tafi. Ni kuwa ina ta addu'a a zuci Allah Ya sa a yi ruwan sama, ko gobara, ko wani ya suma.

Da muka zagaya bayan gidanmu, sai a lokacin na ga fangalina da idon wani. Ba ganye ko ɗaya a tsaye. Abin da ke wurin wani dogon tudu ne na sabuwar ƙasa, kamar ƙaramin kabari.

Delege ya dubi tudun, ya dube ni. Ya caka sandarsa. Ta ce ƙwas. Ya sake cakawa a gaba kaɗan. Ƙwas. Ya ture ƙasa da bakin sandar, sai ga kunnen buhu.

"Kowa ya ja baya," ya ce, muryarsa ta sauya. Ya yi wa 'yan milisi magana da Faransanci da sauri, mai bindigar ya sauke ta daga kafaɗa.

Sai wata mata daga can gefen danga ta leƙo ta ce ai ta daɗe tana ganin yarinyar nan tana binne abu a buhu duk magariba, in maza sun tafi masallaci. (Ni da nake ganin ba abin da ke wuce idona, ban taɓa lura da hudar da ke jikin dangar ba.)

"Me ke ciki?" in ji Delege.

Na buɗe baki. Ba abin da ya fito.

Metires ta rusuno ta kama kafaɗata. "Yi magana. Wa ya ba ki? Wa ya ce ki binne?"

Na san amsar. Kalma ɗaya ce. Amma idanu sun yi mini yawa, kuma a daidai lokacin na fara hango girman wautar da na yi, sai tsoro ya riƙe mini wuya ta gaba, kunya ta riƙe ta baya. Duk daƙiƙar da na yi shiru kuwa, fuskar Delege sai ƙara rufewa take.

Ya ce a je kasuwa a zo da mai gidan.

Jiran nan ban san tsawonsa ba. Umma ta fito da mayafi a karkace tana salati. Iya ta dafo bango tana tambaya, "Su waye? Me ake yi? Takwara, kina ina?" ba wanda ya kula ta. Mutane sun cika layi, wasu sun hau katanga. Ni ina tsaye ina kallon ƙananan abubuwa, don manyan sun fi ƙarfina. Takalmin mai bindiga da waya aka ɗinke shi. Yatsan hannunsa yana shiga yana fita a wurin kunamar bindigar, inda bai kamata ba. Wani ɗigon gumi ya rataya a hancin Delege ya ƙi faɗuwa. Wata jar kyanwa tana kan danga, ita kaɗai ta san gaskiya. Maman Kosi kuwa, wadda da kallo ɗaya za ta warware komai, tana can bakin teku.

Baba ya iso da gudu, almakashinsa a aljihu. Ɗan milisi ya zare shi ya riƙe. Baba ya dubi tudun, ya dubi bindigar, sai na ga ya cire hularsa. Ban taɓa ganin kan Baba a buɗe a gaban mutane ba.

"Kamarad Delege, wallahi tallahi ban san da komai ba. Ka san ni. Tun kana ɗinki nake ba ka yadi. Na rantse da Wanda raina ke hannunSa..."

"Kamarad mai yadi, gidan nan naka ne ko ba naka ba?"

"Nawa ne."

"To abin da ke cikin ƙasarsa ma naka ne. Tono shi. Da hannunka. A hankali."

Baba ya juyo ya ce, "Uwata, don girman Allah." Wannan karon ma iska kawai ta fito daga bakina. Abin da nake ji a kunnena shi ne rantsuwar da ya yi. Ya tsaya gaban hukuma, ya rantse. Shi ke nan, na gama lakwal, kuma wataƙila ba nan abin zai tsaya ba.

Ya durƙusa da farar rigarsa a cikin kashin awaki, ya fara yaye ƙasa da yatsu. Can ya tsaya, ya ɗago kai.

"Sanyi gare shi," ya ce.

Mutane suka ƙara ja da baya, wata ta saki ihu ta suri ɗanta. Baba ya kama buhun ya ɗago, ruwa na zuba, wani ƙarni ya tashi ya cika wurin. Ya warware bakin buhun a hankali. Abin ya sulɓe daga hannunsa ya gangara har gaban mai bindiga, wanda ya yi tsalle baya ya bugi danga. Ga ta nan a rana tana ƙyalli, garin katako da ɓawon kifi sun manne mata, har da wani ɗan mitsitsin jatan lande a gefe. Jar kyanwar ta diro ta fara lasa.

Delege ya taɓa ta da sanda. "Ƙanƙara," ya ce a hankali. Ya sake cewa, "Ƙanƙara?" Ya juyo gare ni. "Don me?"

A nan ne muryata ta ga damar dawowa, kuma ba a hankali ta dawo ba. Da wata irin ƙara ta fito wadda ban san ina da ita ba, har 'yan kan katanga suka ji.

"Sanyin ɗari nake yi musu!"

Daga nan kuma na kasa tsayawa. Cikin kuka da majina na zazzage komai: kaji sun cinye irin gwamnati, karas ɗan sanyi ne, man shanu ya ƙi barci, na tsoma shi a ƙanƙara ya yi barci. Metires ta ce a fassara mata. Delege ya fara juyawa da Faransanci, fuskarsa a ɗaure, ya kai wurin kwalbar man shanu sai muryarsa ta karye. Ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Wani ya juya maganar da yaren Fon ya jefa ta bayan danga, na ji dariya tana tafiya gida gida har ƙarshen layi. Mai bindiga ya zauna a ƙasa yana share ido.

Baba bai yi dariya ba. Yana nan a durƙushe, hannunsa duk laka.

"Takwara," in ji Iya, "ni cewa na yi ki jira ɗari. Ban ce ki je ki ɗauko shi wurin mai kifi ba."

Delege ya share hawaye ya ce, "Iya, ɗarin da kike jira ba ya zuwa nan. A Zugu muna da shi, amma tun da na sauko bakin teku ban nemi bargo a wannan watan ba. Ɗan sanyin garin nan sai wajen Agusta, in iska ta taso daga teku."

Metires ta ƙara, Delege yana juyawa da Hausa, cewa masu lambun unguwar Huweyiho suna noma salati da karas, amma da rumfar ganyen kwakwa da ban ruwa safe da yamma, kuma ruwan kifi gishiri ne, ko ciyawa zai kashe.

"Gari yashi, ruwa gishiri, sanyi kuma da damina," in ji Iya. "Allah Ka mai da ni gida lafiya."

Delege ya karɓi almakashin ya miƙa wa Baba ya ce, "Tashi ka sa hularka, ba sammaci." Metires ta ba ni sifili, sannan ta rage murya ta ce, "Ashe kina da murya haka. Da kin ara mini kaɗan tun farko, da na ba ki wani irin."

Baba ya wanke hannu ya koma kasuwa bai ce mini uffan ba. Da ya dawo ma haka. Na wanke kakina na ninke na sa a ƙasan akwati. Da safe na ɗaura zanen gida na ɗauki tsintsiya, ina shara ina jin muryoyin yara suna wucewa. Baba yana zaune a kan tabarma yana shan koko.

"Uwata, yau ba lakwal?"

Na ce, "Ka ce ranar da..."

"Na san abin da na ce."

Iya ta ce daga ƙofar ɗakinta, "In cire wani za ka yi daga makaranta, ni za ka cire. Ni na ba ta karatun."

Baba ya daɗe yana juya ludayi a cikin kwano. Sannan ya ce, "Jiya na durƙusa a gaban yaron da bai kai ƙanena ba. Na dawo da niyyar cika maganata. Amma na yi ta tunani, yarinyar da ta zauna ita kaɗai ta tsara wannan aikin, in na ajiye ta a gida ba abin yi, gobe ban san me za ta binne mini ba." Ya kurɓi kokonsa. "Sa kayanki. Je ki dami gwamnati."

Na isa a makare, kakina duk layin ninki. Ina shiga aji wani ya ce, "Ga Kamarad Firiji!" kuma sunan ya zauna. Yanzu ina kolej, amma har yau akwai tsofaffi a Zango da ba su san ni da wani suna ba, in zafi ya tsananta sai su ce in taimaka in binne musu wani abu.

Iya ta san lambu, ba shakka, sai dai lambun garinsu ta sani, kuma kowace ƙasa da watan da take karɓar iri. Wannan na koya. Na kuma koyi wani abu da ya fi shi amfani gare ni. Yanzu in ban gane abu ba, hannu nake ɗagawa in tambaya. Muryata tana rawa, kunnuwana suna zafi, wani lokaci a yi mini dariya, amma dariyar aji guda ce, kafin a tashi an manta. Na gwada yin shiru don gudun kunya, na ga har da bindiga take zuwa.